Moda, kariya ko fotos: wace shukar ado ce ta dace da gidajenmu na Katsina, kuma ta yaya ake yaɗa ta?

Maman Sadiya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna renon shuke-shuken ado a gida. A farkon hunturun nan wata maƙwabciyata ta yanko mini rassan wata shuka mai yaɗo wadda masu lambun fulawa suke kira fotos, na sa su a kwalba da ruwa har suka fitar da saiwa, sannan na mayar da su tukunyar roba na ajiye a falo. Yanzu ganyen yana yin rawaya ɗaya bayan ɗaya yana zubewa, alhali kuwa kullum safiya sai na ba ta ruwa. Abu na biyu, ina da moda mai rawayan gefe tukunya guda, kuma ina so in yawaita ta domin in jera daga zaure zuwa tsakar gida. An ce mini in yayyanka ganyen in dasa. Shin haka ne, kuma yanzu lokacinsa ne?

Baba Lawal, Rafindadi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a cikin bayaninki akwai amsar tambayarki ta farko, wato ruwan da kike ba ta kullum safiya. Shukar da ke cikin falo, inda rana ba ta shiga kuma iska ba ta kaɗawa, ba ta shan ruwa kamar wadda ke tsakar gida, ballantana a cikin sanyi, lokacin da girmanta ya tsaya. Idan ƙasar tukunya ta kwana a jiƙe ta wuni a jiƙe, saiwa ba ta samun iskar da take buƙata, sai ta fara ruɓewa, ganye kuma ya yi rawaya ya yi laushi kamar na shukar da ƙishi ya kama. Mai ita yana ganin haka sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Ki juye tukunyar a hannunki ki duba saiwar. Mai lafiya fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai wari, tana saɓulewa idan an taɓa. Ki yanke ruɓaɓɓun, ki sauya ƙasa, daga nan kada ki ƙara ba ta ruwa sai kin tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu kin ji ta bushe.

Game da lokaci kuwa, shawarata ita ce ki haƙura har damina ta sauka sosai, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Reshen da aka yanko ba shi da saiwar da zai ja ruwa, amma ganyensa yana ci gaba da fitar da ruwa, saboda haka abin da yake raya shi kafin ya kama shi ne danshin iska. A hunturu iskarmu ta bushe ƙayau, ga sanyin dare da yake hana saiwa fitowa da wuri. A bazara kuma, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40. Na yi shekaru ina aikin renon itatuwa a gandun daji kafin in yi ritaya, kuma duk abin da muke so ya kama daga reshe, watan Agusta muke jira da shi.

Maman Sadiya, Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba, kuma yadda ka kwatanta haka na tarar da rabin saiwar. To modar fa, ita ma sai damina?

Baba Lawal, Rafindadi:
Moda tana da haƙurin da sauran ba su da shi, domin ganyenta mai kauri ne, yana riƙe ruwa, saboda haka da zarar sanyi ya wuce ana iya taɓa ta. Amma kada ki yanka ganyen wannan da kike da ita. Ki zare ta gaba ɗaya daga tukunya, ki kaɗe ƙasar, za ki ga wani tushe mai kauri kamar citta yana tafiya a kwance, kowane tsiro yana fitowa daga jikinsa. Ki sa wuƙa mai kaifi da tsabta ki raba tushen, kowane kashi ya tafi da ganyensa da 'yar saiwarsa, ki bar su a inuwa kwana 2 ko 3 bakin yankan ya bushe, sannan ki dasa. Kada ki ba su ruwa sai bayan mako guda.

Nasiru, ɗalibin aikin gona, Dutsin-ma:
Baba, da izininka zan ƙara bayani a kan dalilin da ya sa ka hana yanka ganyen, domin mutane da yawa suna yi kuma yana kamawa, sai su ɗauka hanin ba shi da tushe. Gaskiya ne ganyen moda yana kamawa. Idan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace kamar tsawon yatsa, aka bari ta bushe, aka soka ɓangaren ƙasa cikin yashi, zai yi saiwa cikin wata 1 zuwa 2, sabon toho kuma ya ɓullo bayan wasu watanni. Sharaɗin shi ne kada a juya gunduwar, domin idan kai ya koma ƙasa ba za ta yi saiwa ba, shi ya sa masu yi suke yin alama a gindin tun lokacin yanka. Matsalar Anti Maman Sadiya ita ce tata mai rawayan gefe ce. Wannan rawayan yana cikin wani rukunin ƙwayoyin halitta ne daban da na tsakiyar ganyen, sabon tohon da yake fitowa daga gunduwa kuwa daga ɓangaren koren yake tasowa, sai 'ya'yan su fito kore mai zane, babu rawayan ko kaɗan. Wanda yake so rawayan ya ɗore, raba tushe ne kaɗai hanyarsa.

Akwai kuma abin da nake so mu lura da shi. Wannan moda da ake sayarwa a manyan shagunan Turai da Amurka a matsayin shukar ɗaki, asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Najeriya zuwa Kwango. An daɗe ana kiranta Sansevieria, sai a 2017 masana suka mayar da ita cikin dangin Dracaena. Kariya ma, wato Adenium obesum, 'yar yankinmu ce na Sahel. Fotos kuwa asalinta tsibirin Mo'orea ne da ke cikin tekun Fasifik, wuri mai ruwan sama da danshi shekara zagaye. A ganina babban kuskuren da muke yi shi ne muna barin abin da Allah ya halitta domin irin yanayinmu, muna kashe kuɗi a kan abin da sai an yi ta lallaɓawa a garin da ruwan samansa na shekara wajen milimita 600 ne, kuma kusan dukkansa a wata huɗu yake sauka.

Aminu mai lambun fulawa, hanyar Batagarawa:
Malam Nasiru, bayaninka a kan moda daidai ne, amma ƙarshen maganarka ban yarda da shi ba. Ni sana'ata ke nan, kuma zan faɗi abin da nake gani a hannun masu saye. Kariya ba ta zama a ɗaki. Idan ka shigar da ita falo, rassanta za su miƙe su rame, ba za ta yi fure ba, ƙarshe gindin ya ruɓe, domin rana take so tun daga hantsi har la'asar. Shukar zabuwa da 'yar uwarta alobera ma sai kusa da rana. To matar da take so ta ga kore a falonta ko a kusurwar ɗakinta, me za a ba ta? Moda kaɗai? Fotos tana cikin shuke-shuke ƙalilan da suke jure ƙarancin haske, kuma babu abin da ya kai ta sauƙin yaɗawa. Abin da kawai mutum zai kiyaye shi ne ya yanko da gaɓa, domin daga gaɓa saiwa take fitowa, yadda manomin rake ba ya dasa karan da ba shi da ido. Ganye kaɗai da sandarsa zai iya wata a ruwa yana kore, amma ba zai zama shuka ba.

Inda masu farawa suke samun matsala shi ne wajen mayar da ita ƙasa. Suna bari saiwar ta cika kwalba ta nannaɗe, alhali saiwar da ta girma a ruwa ba ta saba da ƙasa ba, da an dasa sai ta yi yaushi. Da zarar ta kai santimita 3 zuwa 5 a dasa, a ƙaramar tukunya, a haɗa rassa huɗu ko biyar wuri guda domin ta yi cika. Babbar tukunya ga ƙaramar saiwa ita ma tana jawo ruɓa, saboda ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan daɗe a jiƙe.

Nasiru, ɗalibin aikin gona, Dutsin-ma:
Malam Aminu, na karɓi gyaranka a kan kariya, ita ta tsakar gida ce. Sai dai maganar jure ƙarancin haske tana buƙatar iyaka. Yawancin ɗakunanmu tagoginsu ƙanana ne, ga raga, ga labule mai kauri da ake saukewa saboda ƙura da zafi. Idan mutum ba zai iya karanta littafi a wurin da rana tsaka ba tare da kunna fitila ba, babu shukar da za ta girma a wurin. Za ta daɗe kafin ta mutu, amma cin abin da ta tara take yi.

Aminu mai lambun fulawa, hanyar Batagarawa:
Wannan haka yake, shi ya sa nake ba masu saye shawarar su riƙe tukunya biyu ga kowane wuri mai duhu. Ɗaya tana ciki tana ado, ɗaya tana baranda inda hasken safiya yake samunta, bayan mako ɗaya ko biyu a musanya. Amma kada a ɗauko wadda ta saba da ɗaki a dire ta a tsakiyar rana, domin yini guda ya isa ya ƙone ganyen ya yi fari-fari, kuma ganyen da ya ƙone ba ya dawowa. Kada kuma a ajiye ta daidai inda na'urar sanyaya ɗaki take hurawa.

Alhaji Sada, Sabuwar Unguwa:
Ina biye da ku, kuma ina da tambayar da nake ganin ta fi waɗannan muhimmanci. A unguwanni da yawa na garin nan ruwan famfo daga madatsar ruwa ta Ajiwa ba ya zuwa kullum, mutane da jarka suke saye a hannun 'yan ga-ruwa, kuma idan bazara ta yi tsanani kuɗin kura yana tashi. Shin ya dace magidanci ya sayi ruwa da guminsa a zuba wa ganyen da ba a ci, ba a sha, ba ya ba da inuwa? Ni da za a bi ta tawa, a shuka zogale da lalle da na'ana'a da ɗoɗɗoya, abin da zai shiga tukunya ko ya yi amfani. Ba ina raina sha'awar kowa ba ne, amma ina tsoron almubazzaranci.

Hajiya Rabi, Daura:
Alhaji, tambayarka a kan hanya take, kuma ni ma ba na goyon bayan wanda zai sayi ruwa ya yi ta kwarara wa ciyawar ado a ƙasar da ba tata ba. Amma bari in faɗa maka yadda gidana yake. Wurin alwalata yana gefen dakali, na ajiye baho a ƙasa, ruwan alwala biyar na mutanen gida yana taruwa a ciki, kuma shi kaɗai yana isar tukwanena. Ruwan wankin shinkafa da na gero kafin a sa gishiri shi ma ba ya zuba a kwata. Abin da ba na bari ya kusance su shi ne ruwan wankin kaya da na wanke-wanke, saboda garin sabulu yana da gishirin da yake taruwa a tukunya ya ƙone saiwa. Moda a lokacin sanyi ruwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta, kariya ma haka. Na'ana'ar da ka ambata, tukunyarta guda ta fi moda goma shan ruwa. Saboda haka idan ruwa ne ma'auni, waɗannan na adon su ne masu tattali.

Batun amfani kuwa, mace tana wuni a cikin gida tsakanin katanga huɗu da siminti, kuma abin da idonta yake sauka a kai yana da tasiri a zuciyarta. Iyayenmu da suke jeren kwanuka da tasoshi a ɗaki, suna yi wa bango zane, ba don ci suka yi ba. Ni ina da zogale da lalle kamar yadda ka ce, kuma ban ga sun hana kariya wuri ba.

Alhaji Sada, Sabuwar Unguwa:
Hajiya, idan da ruwan alwala ne, ba ni da ja. Abin da nake gani a wasu gidaje ne ya sa na yi magana.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Marusa:
Ina roƙon a ba ni dama in shigo da abu biyu da suka shafi lafiya, domin har yanzu ba a taɓo su ba. Na farko shi ne kwalaben ruwan da ake sa rassa a ciki, da farantan da ake ajiyewa ƙarƙashin tukwane, har da bahon da Hajiya ta ambata. Akwai nau'in sauro mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ake kira Aedes, shi ne yake ɗauke da cutar shawara da zazzaɓin dengi, kuma ya fi son yin ƙwai a ɗan tsaftataccen ruwan da ya kwanta a cikin mazubi a gida. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi. Saboda haka duk ruwan da ke kwalba a sauya shi bayan kwana 3 ko 4, a goge cikin kwalbar domin ƙwan yana mannewa a jikinta, ruwan faranti kuma a zubar bayan an gama ban ruwa. Damina da Baba ya ce ita ce lokacin dashe, ita ce kuma lokacin sauro.

Na biyu ya fi damuna. Yawancin waɗannan shuke-shuke suna da guba, kuma masu saye ba su sani ba. Akwai wata mai faffaɗan ganye da ɗigon fari a tsakiya, ana kiranta difenbakiya, tana da yawa a faluka da ofisoshi. Ruwanta yana ɗauke da wasu ƙananan tsinkaye da ido ba ya gani, idan yaro ya tauna sai baki da harshe su yi zafi su kumbura, wani lokaci har magana ta gagara. Fotos ma tana da irinsu, ko da yake ba su kai na waccan tsanani ba. Kariya kuwa ta fi su duka haɗari, domin gubarta zuciya take taɓawa, kuma sananne ne cewa a sassan Afirka an yi amfani da ita wajen dafin kibiya. Gidan da yake da yara masu rarrafe ko masu kai komai baki, a ɗaga waɗannan sama ko a haƙura da su. Wanda ya yanka kariya ya wanke hannu da wuƙar da sabulu, kada ya taɓa ido, kada kuma a mayar da wuƙar madafa. Idan yaro ya ci, a wanke masa baki a kai shi asibiti tare da ganyen, kada a tsaya ba shi manja ana jira.

Hajiya Rabi, Daura:
Allah ya saka miki da alheri, Malama. Bahona ba ya kwana da ruwa, kullum bayan isha'i ake juye shi. Maganar kariya kuma gaskiya ce, tun muna yara ake hana mu wasa da ruwanta, kuma ba a bari awaki su kai gare ta.

Tun da an zo kanta, bari in yi bayanin yadda nake yaɗa ta, domin ita ce na fi daɗewa da ita. Tana kamawa daga reshe, idan an bar yankan ya bushe kamar mako guda a inuwa sannan aka soka a yashi. Amma wadda aka samu daga reshe ba ta cika yin wannan ƙaton gindi mai kama da tulu ba, wanda shi ne rabin kyanta. Mai son gindi sai ya shuka iri. Bayan fure tana fitar da kwanso biyu a haɗe, dogaye kamar ƙaho, kuma idan sun nuna suna tsagewa da kansu, irin ya fito da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe shi. Saboda haka da na ga kwanson ya fara sauya launi sai in naɗe shi da zare sako-sako, yadda zai tsage amma irin ba zai tashi ba. Sai in cire gashin, in kwantar da irin a kan yashi mai danshi, in barbaɗa ƙasa kaɗan a kai. Sabon iri yana tsirowa cikin kamar mako guda, kuma tun yana ɗan tsiro za ka ga gindin ya kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. Irin da ya daɗe a ajiye yawancinsa ba ya fitowa, don haka ba a jinkiri da shi. Duk lokacin da na sauya mata tukunya ina ɗaga gindin sama kaɗan, saiwoyin da suka yi kauri su fito fili, da haka take samun siffa. Kada kuma wanda ya ga ta zubar da ganye a hunturu ya ɗauka ƙishi ne ya yi ta zuba ruwa. Hutu take yi, kuma sau da yawa a wannan lokacin na rani, tana tsaye babu ganye, take rufe kanta da jan fure.

Maman Sadiya, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya, ina so ki yi mana bayanin tukunya da ƙasa, da kuma yadda kike jera su. An ce mini a zuba tsakuwa a gindin tukunya idan ba ta da huji.

Hajiya Rabi, Daura:
Ƙanwata, tukunyar da ba ta da huji ba ta dashe ba ce, ko an zuba tsakuwa. Ni tukunyar ƙasa nake amfani da ita, kuma ina zuwa wurin masu ginin tukwane in roƙe su su huda gindin tun tana ɗanya, kafin a gasa. Tsohuwar randa da ta tsage ko kaskon da ya fashe a baki, duk ba na yar da su. Tukunyar ƙasa tana numfashi, tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, saiwa ta yi sanyi, kuma ko hannunki ya yi nauyi wajen ban ruwa tana rage illar. Kada ki shafa mata fentin mai, zai toshe ta. Baƙar roba kuwa idan ranar bazara ta doke ta, ƙasar ciki tana zafin da yake dafa saiwa, sai dai ki zura ta cikin ta ƙasa.

Wajen jeri, abin da na lura shi ne tukwane masu tsayi ɗaya a layi ɗaya ba sa jan ido. Ina tara su rukuni-rukuni, doguwar moda a baya jikin bango, matsakaita a kan bulo ko kujerar tsugunno, ƙanana a gaba. Tarin yana taimakonsu a hunturu, domin suna riƙe wa juna danshi. Masu yaɗo kuwa ragaya nake sa musu, irin wadda ake rataye ƙwarya, in rataye a azarar baranda, rassan su zubo ƙasa, yara da kaji ba sa kai musu. Bangon gabas da yake samun ranar safe ya fi dacewa da masu laushin ganye, na yamma kuma sai kariya da zabuwa da karan masallaci. Kuma kada tukunya ta zauna kai tsaye a ƙasa, saboda gara tana shiga ta hujin, siminti kuma yana ɗaukar zafi.

Baba Lawal, Rafindadi:
Hajiya ta gama magana a kan tukunya. Tsakuwar nan ma ko a mai huji ba ta taimakawa, domin ruwa ba ya saurin ratsawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, daidai inda saiwa take. Ɓallin kasko guda a kan hujin ya wadatar. Ƙasa kuma, ga moda da kariya da zabuwa, a sa yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa kashi biyu, ƙasar gona kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a daddaka gawayi a zuba. Ga fotos da irinta a rage yashi a ƙara taki da ɓuntun shinkafa. Ƙasar fadama mai yumɓu ba ta yi, tana daskarewa. Takin kuma ya zama wanda ya shekara ya koma baƙar ƙasa ba wari, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Masu ruwan burtsatse za su ga wani farin abu yana taruwa a bakin tukunya, gishirin ruwan ne. Idan damina ta zo a fitar da tukwanen ruwan sama ya ratsa su ya wanke shi.

Alhaji Sada, Sabuwar Unguwa:
Akwai magana biyu da nake ji suna karo da juna. Wasu sun ce moda tana tace iskar ɗaki, wasu kuma sun ce kwana da shuka a ɗaki haɗari ne saboda tana shanye iskar da dare. Wanne ne gaskiya?

Nasiru, ɗalibin aikin gona, Dutsin-ma:
Ranka ya daɗe, duka biyun an zuzuta su. Maganar tace iska ta samo asali ne daga wani bincike da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, inda aka ga wasu shuke-shuke, har da moda da fotos, suna rage wasu sinadarai masu cutarwa. Amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka yi gwajin. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Drexel suka sake nazarin gwaje-gwajen da aka yi a kan batun, suka nuna cewa sai an sa shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da musanyar iska ta yau da kullum take yi a gini. Buɗe taga ya fi su. Batun dare kuma, gaskiya ne shuka tana numfashi, amma abin da tukunya biyu ko uku suke ɗauka bai kai na mutum guda da ya kwana a ɗakin ba ko kusa. Abin tsoro a ɗakin kwana shi ne kaskon gawayi da janareta.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Marusa:
Na goyi bayan wannan. Sai dai mai asma ya kula da ƙurar da take kwanciya a ganye da kuma fumfunar da take fitowa a ƙasa mai yawan jiƙa.

Aminu mai lambun fulawa, hanyar Batagarawa:
Ƙurar nan tana cutar da shukar ita ma, shi ya sa a hunturu ake goge faffaɗan ganye da jiƙaƙƙen tsumma, sama da ƙasa, ba tare da shafa mai ko madara ba kamar yadda wasu suke yi don ya yi sheƙi. A wannan lokaci ne kuma ƙwari biyu suke addabarmu. Akwai farin nan mai kama da auduga da yake maƙalewa a hammatar ganye, akwai kuma wani ɗan mitsitsi da yake yin yana a bayan ganye har ya yi ɗigo-ɗigon rawaya. A daka 'ya'yan bedi a jiƙa su kwana, a tace, a ɗiga sabulun ruwa kaɗan, a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a maimaita bayan mako guda saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe. Sabuwar shukar da aka sayo ko aka karɓo kyauta a ware ta gefe mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Hajiya, akwai ƙarin da zan yi a kan kariya domin masu saye a lambu. Waɗanda ake kawowa masu fure ninki-ninki, ko fari, ko ja mai duhu, yawancinsu aure aka yi musu kamar yadda ake yi wa mangwaro, wato an ɗora reshen mai kyan fure a kan gindin ta gida. Idan aka shuka irinsu, ba lallai 'ya'yan su gaji furen uwar ba, saboda haka kada wanda ya sayi iri ya dogara da hoton da ke jikin leda. Kuma duk tohon da ya fito ƙasa da tabon auren a cire shi tun yana ƙarami, domin na gindin ne, ya fi ƙarfi, kuma idan aka bar shi zai janye abincin har reshen da aka biya kuɗi dominsa ya bushe.